Aisi uku na zarga kafin na gane laifina ne

Lokacin da nake koyon haɗa na'urorin lantarki, an ba ni aikin haɗa wata 'yar na'ura mai gane duhu da haske, da aisin LM393 (aisi, wato IC, ɗan guntu ne mai ƙafafu da aka cusa da'irar lantarki a cikinsa). Na haɗa komai, na ba ta wuta, sai ƙafar fitarwa ta ƙi tsayawa wuri ɗaya. Mita ta nuna wannan, in kai yatsa kusa ta nuna wani abu dabam. Na ce aisin ya ƙone, na canza. Sai da na canza har uku.

Malamin da nake aiki a ƙarƙashinsa ya leƙo, ya ce, "Kai, wa zai ja maka ƙafar nan sama?"

Na ce, "Malam, ba aisin ba ne zai ba da bolt 5?"

Dariya ya yi, ya miƙo mini takardar bayanin aisin. Ashe a cikin LM393 taransisto ɗaya ne a bakin fita, abu biyu kawai ya iya: ya ja ƙafar zuwa ƙasa (bolt 0), ko ya sake ta tana lilo. Ba ya tura wuta. Rizisto da za ka ɗaura tsakanin ƙafar da layin wuta shi ke ɗaga ta idan an sake ta. Na sa mai kilo-om 10, nan take ta natsu. Daga baya na ga amfanin tsarin: aisin na iya cin bolt 12, kai kuwa ka ja ƙafarsa zuwa 3.3 kaɗai.

Sai na riƙe kilo-om 10 tamkar maganin kowace cuta, har layin I2C ya kunyata ni, wato wayoyin da aisi ke aika wa juna bayanai ta cikinsu, su ma rizisto ke jan su sama. Wayata ta yi tsawo, kuma waya kan riƙe caji, sai ta cika ta cikin riziston kafin siginar ta hau. Babban rizisto, hawa a hankali. Ƙa'idar I2C a gudun kilohaz 100 ta ba da nanosakan 1000 kacal don hawan, tawa kuwa ta zarce. Da na duba a osiloskof, na'urar da ke zana siffar sigina, kusurwoyin siginar duk sun lanƙwashe. Ƙanƙanta riziston ma yana da iyaka, tunda miliamfiya 3 aka yarje wa taransiston da ke jan layin ƙasa ya sha, wato kusan kilo-om 1.5 a bolt 5. Na tsaya a kilo-om 2.2.

Wani abin da ya fi ba ni haushi, allunan firikwensin da ake saya a haɗe sukan zo da nasu riziston. Jera uku masu kilo-om 4.7 a layi ɗaya, ka sauko kusan 1.6 ba ka sani ba. Yanzu kafin in ba layi wuta, sai na auna shi da mita tukuna.