Garin ƙashi da roba

A shekarata ta ƙarshe a sashen kimiyyar sinadarai nan Maraɗi, aikin da aka ba ni shi ne in haɗa garin ƙashin saniya da roba, mu ga ko zai kusanci ƙashin mutum. Wurin mahauta nake karɓo ƙashin, in dafa, in kankare, in ƙone shi a tanda har digiri 900, ya fito fari fat kamar alli.

Ni lokacin tauri kawai nake nema, kowane zubi sai na ƙara gari. Na biyar ɗin, ina ciro shi ya ruguje a hannuna kamar ƙuli-ƙuli. Malam bai yi faɗa ba, cewa ya yi, "Ɗana, ka taɓa ganin magini ya kwaɓa ƙasa babu ciyawa?" Ashe ƙashi ma haka Allah ya yi shi: ma'adini ya ba shi tauri, zaren kolajin ya ba shi sassauci.

Abin da ya fi ɗaure mini kai, tauri kansa yana iya zama aibi. Ƙarfen titaniyom da ake dasawa a ƙugu ya fi ƙashi tauri wajen sau biyar. Sai ya ɗauke nauyin, ƙashin da ke kewaye da shi ya koma zaman kashe wando, yana zaizayewa har dashen ya fara girgiɗi. Shi ya sa masu bincike suka karkata ga robar PEEK mai zaren kabon, wadda taurinta ya yi kusa da na ƙashi.

Manya ma sun yi tuntuɓe. John Charnley, likitan ƙashi a Ingila, da robar Teflon ya fara yin dashen ƙugu, ya yi kyau a ɗakin gwaji, amma cikin jikin mutane ya cinye, ɓurɓushinsa ya kumbura nama. A 1962 ya koma ga wata roba da ake kira foliyetilin. Wannan labari ya ɗan sanyaya mini rai, gaskiya.

Zubi na shida na tsayar da garin a kashi 40 cikin 100, ya lanƙwasa bai karye ba. Na kai gida ina taƙama, na nuna wa ɗiyar yayata, wadda sikila ta cinye mata kan ƙashin ƙugu tun tana ƴar shekara 17. Ta juya shi a tafin hannu, ta ce, "Kawu, in an sa mini irin wannan, zan iya zaman tahiya?" Duk gwajin da na yi na dannawa ne da lanƙwasawa, babu na durƙuso ko ɗaya. Washegari na kai wa Malam tambayarta.