Abin da na koya a kan shekarun ramin sokawe kafin na bar aiki

Tunda na miƙa takardar barin aiki, na ga ya dace in rubuta wa abokan aikin da suka rage, musamman matasan da ake turawa gidajen da ruwa ya ƙi wucewa, abin da na fahimta game da sokawen lambu da farfajiya, wanda ke karɓar ruwan indararo da na tsakar gida har ƙasa ta shanye shi. Tambayar da masu gida suka fi yi ita ce shekara nawa ramin zai yi, kuma amsar da aka horar da mu mu bayar, wai shekara 20, amsar mai neman ciniki ce.

Ƙasar da aka tona ramin a cikinta ita ke fara yanke masa kwana. A wuri mai yashi rami kan daɗe yana aiki, amma a yumɓu, ko a gefen fadama inda ruwan ƙasa ke tasowa da damina, tun ranar da aka rufe shi yake da rauni. Bayan ƙasa sai abin da ruwan ke kwasowa. Ƙurar hunturu da ta kwanta a kan kwano, da ganyaye, da lakar tsakar gida, duk suna gangarawa da ruwan farko, su cike tsakanin tsakuwa, su shafe bango da gindin ramin. Idan kuma mai gida ya sa an jona masa bututun kicin, maiƙo da sabulu kan yi wani yauƙi da ke liƙe ƙofofin ƙasa. Ramin da aka cika da tsakuwa kusan kashi 30 cikin 100 na girmansa kawai ke ɗaukar ruwa, alhali akwatunan roba da ake naɗewa da ƙyallen tace laka suna ɗaukar kusan kashi 95, don haka na tsakuwa ya fi saurin shaƙewa.

Babu injiniyan da bai san gwajin ƙasa ba. Ƙa'idar Birtaniya ta BRE Digest 365, wadda ta fito a 1991 kuma muke aro a nan, ta ce a tona ramin gwaji, a cika shi da ruwa sau uku, a auna lokacin da ruwan ke ɗauka wajen sauka daga kashi 75 zuwa kashi 25 na zurfinsa, kuma ramin da za a gina ya iya sauke rabin ruwansa cikin awa 24. Dokar gininsu ta ƙara da cewa ya nisanci gini da aƙalla mita 5.

A kan wannan gwajin muka saɓa da shugaban sashenmu. An kira mu wani gida a Kaduna, inda tsohon rami ya mutu har ruwa yake kwana a kan ciyawar lambu. Na yi gwaji, na ga ƙasar da ke kewaye da ramin ta toshe, ga shi kuma ya matse kusa da katanga, na rubuta cewa a tona sabo a ɗaya gefen lambun, a sa masa ƙaramin akwatin tarar laka a gabansa. Shugaban ya karanta rahoton a tsaye, ya ce: "Malam, rahoto muke sayarwa ko rami?" Ya ba da umarni a kwashe tsohuwar tsakuwa a zuba sabuwa a wuri guda, a rubuta wa mai gida kuɗin sabon rami. Wannan daidai yake da sauya wa mara lafiya riga a ce ya warke, domin cutar tana jikin ƙasa, kuma ba a taɓa ta ba.

Da marka ta kankama a watan Agusta ruwa ya dawo, ya jiƙa gindin katanga har ta tsage. A taron da aka kira, mutumin nan ya dube ni a gaban mai gida ya ce ni na tsaya a kan aikin, ni ya kamata in yi bayani. Na ce: "Ranka ya daɗe, rahotona yana hannunka." Ya ce bai tuna da wani rahoto ba, aka buɗe fayil, babu shi. An yanke mini wani abu daga albashi, ƙarin girman da nake jira ya wuce ni, shi kuwa har yau yana kan kujerarsa yana yi wa sababbin ma'aikata huɗuba a kan riƙon amana. Daga baya ni aka sake turawa gyara, na tona ramin a inda na faɗa tun farko, kuma damunan da suka biyo baya ba su kai mai gidan ya sake kiran kowa ba. Wannan ma bai shiga fayil ba.

Saboda haka duk wanda aka tura duba mataccen rami ya fara bin bututu, domin sau da yawa saiwar bishiya ce ko laka ta toshe shi, kuma wankewa ta wadatar. Idan ramin ne da kansa ya mutu, a sauya masa wuri, ko a faɗaɗa tonon har a kai ƙasar da ba ta toshe ba. Kada a haɗa ruwan sama da na masai a rami ɗaya, a nisanta na ƙazanta daga rijiya da burtsatse, a kuma nuna wa mai gida yadda zai yashe akwatin laka kafin damina ta faɗi. Rahoton gwaji kuwa a yi shi kwafi biyu, a sa wanda ya karɓa ya sa hannu da kwanan wata, a tafi da ɗaya gida, ko da kuwa shugaban ya ɓata rai.