Ƙunshin la'asar na yaran Sifaniya

Duk wanda ya tsaya a bakin ƙofar wasu makarantun firamare a Sifaniya da misalin ƙarfe biyar na yamma zai ga iyaye da kakanni suna jiran yara, da yawansu riƙe da ɗan ƙunshi a hannu. Shi ne abin da suke kira merienda, abin taɓawa na la'asar wanda ke riƙe cikin yaro har dare, domin a can ba a cika zaman cin abincin dare kafin ƙarfe tara ba. A da burodi ake tsagawa a sa cuku ko nama a ciki, ko a ba yaro ayaba; yanzu sau da yawa biskit ne ko kek na leda, da lemon kwali mai zaƙi.

Ƙunshin nan ya tsaya mini a rai, saboda wannan ita ce ƙasar man zaitun, kifi, wake da ganye, wadda UNESCO ta sa tsarin abincin yankinta na Bahar Rum cikin gadon al'adun duniya a 2010. Duk da haka, binciken ALADINO na hukumar kula da abinci ta ƙasar ya nuna a 2019 cewa kimanin kashi 40 cikin 100 na yara 'yan shekara 6 zuwa 9 nauyinsu ya wuce ƙima. A 2023 adadin ya sauka zuwa kashi 36, amma a gidajen da ke samun ƙasa da yuro 18,000 a shekara, matsananciyar ƙiba ta ninka ta gidajen masu hali. Ban yarda cewa rashin sani ne ba. Uwar da ta tashi daga aiki a gajiye ta san amfanin kifi sarai, sai dai kek na leda ya fi araha, kuma ba ya buƙatar a ɗora tukunya.

Gwamnati ba ta naɗe hannu ba. A 2021 ta ɗaga harajin lemon zaƙi daga kashi 10 zuwa 21, sannan a 2025 ta kafa dokar da ta wajabta 'ya'yan itace da ganye kullum a ɗakunan cin abinci na makarantu, ta kuma hana sayar da lemon zaƙi da na ƙarin kuzari a cikinsu. Sai dai ikon dokar ya ƙare ne a bakin ƙofar makaranta, kuma yawancin 'yan sakandare, waɗanda suka fi kowa shan lemon kuzarin, suna tashi ne da rana su tafi gida ba tare da sun ci a makaranta ba.