Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Malamin Daji

Makon jiya na tsaya a inda aka kai ni makarantar kwana a ƙasar Haɗejia a 1984, da akwatin ƙarfe cike da garin kwaki da ƙuli-ƙuli. Lokacin muna cikin tsohuwar Jihar Kano, Jigawa sai 1991. Kafin in ci gaba, ranar Talata wani ɗan ajinmu ya bugo mini cewa malaminmu na kimiyya ya rasu, an yi jana'izarsa bayan La'asar. Allah ya jiƙansa, ya kyautata makwancinsa. Kashin yau nasa ne.

A bayan idonsa Malamin Daji muke ce masa. Yana sane, bai kuwa damu ba. Makarantar tana da ɗakin gwaje-gwaje, amma famfunansa ba su taɓa ɗiga ba, madubin ganin ƙananan halittu kuwa ɗaya ne tal, yana kulle a kabad sai ranar da masu duba makarantu za su zo. Sauran malamai sukan zana abu a allo su ce mu kwafa. Shi da ya shigo sai ya ce, "Samari, ku ɗauko littafi da fensir, ku sa takalma." Mun san an tafi ke nan.

Darasin da ya fi zauna mini shi ne na gawo. A wata gona bayan katangar makaranta ya tsayar da mu, damina ta yi nisa, duk da cewa ruwan shekarar bai taka kara ya karya ba. Ya ce mu dubi itatuwa mu faɗi abin da muka gani. Kuka kore, tsamiya kore, gawo kuwa tsirara, ba ganye ko ɗaya. Mu 'ya'yan manoma ne, tun muna rarrafe muke ganin haka, amma ba wanda ya taɓa tambayar dalili. Mai gonar yana can yana maimai. Malam ya je har gabansa ya durƙusa ya gaishe shi.

"Baba, ga yaranka na kawo. Don Allah a gaya musu, me ya sa ba a sare gawo a gona?"

Tsohon ya dogara da hauyarsa yana dariya, ya ce, "Malam, kai da ka yi boko? To ku dubi geron gindinsa, ku dubi na can."

Muka duba. Na ƙarƙashin gawo ya fi tsayi, ya fi duhun ganye, kan kuwa ya fi kauri. Sai Malam ya ɗora daga nan. Gawo yana zubar da ganye da damina, saboda haka ba ya tare wa shuka rana, ganyen kuma ya ruɓe ya zama taki daidai lokacin da ake bukatarsa. Da rani ya yi ganye ya yi 'ya'ya, dabbobi su taru a inuwarsa su ci su bar kashi. A saiwarsa akwai ƙwayoyin halitta masu kamo sinadarin naitirojin daga iska su mayar da shi abincin ƙasa, irin aikin da saiwar wake da gyaɗa ke yi. Ya tumɓuke wake guda, bayan ya nemi izini, ya nuna mana 'yan ƙulle-ƙullen da ke jikin saiwar. A gonar dai ya tona gindin wuta-wuta a hankali da tsinke har muka ga inda ta manne da saiwar gero tana tsotsa. Ya ce irinta yakan yi shekara goma ko fiye a ƙasa yana jira, shi ya sa cire ta bayan ta yi fure ta zubar da iri aikin banza ne.

Ni a ganina abin da ya bambanta shi ke nan. Yawancin masu ilimin zamani na lokacin, da sun sa wando da kwat, manomi ya zama jahili a idonsu. Shi bai taɓa kai mu wurin masunci ko makiyayi ba sai ya fara ba su bakin magana, nasa bayanin ya biyo baya.

Wata ranar Asabar ya kai mu wani kududdufi da mutanen ƙauye ke ɗiba. Ya cika kwalba, ya ɗaga ta saitin rana, ya ce mu zuba ido. Wasu 'yan ɗigo-ɗigo farare suna ta zillo a ciki. Ya ce a cikin irin waɗannan ne 'ya'yan kurkunu ke ɓuya. Mutum ya sha, sai bayan kamar shekara tsutsar ta fasa ƙafa ta fito, galibi ana tsakiyar aikin gona. Ya cire hankicinsa ya tace ruwan, ya sake ɗagawa: wayam. Gani ya kori ji. Da na je hutu na hana Inna sakat sai da ta ware ƙyalle don bakin randa, tana ta mita wai boko ya sa na raina ruwan da ya raine ni. Da aka yi ƙidayar masu kurkunu a Najeriya a 1988 an samu fiye da 650,000, kuma tace ruwa da ƙyalle na cikin manyan makaman da aka yaƙe shi da su, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a 2013 cewa ya ƙare a ƙasar.

Ba kowa ke son salon nasa ba. Shugaban makaranta ya sha kiransa ofis, wai yawo ba ya cikin manhaja, kuma idan maciji ya sari ɗan mutane wa zai amsa? Maganar macijin tana da ƙamshin gaskiya, don fadamar ba ta rasa kububuwa. Wasu iyayen ma cewa suke sun kawo yaro ne don ya rabu da gona, ga shi ana mayar da shi. Mu kanmu idan jarrabawa ta matso mukan yi gunaguni, domin ajin da ke kwafar allo sun fi mu cika littafi. Malam bai ja da kowa ba. Ya mayar da fitar ranakun Asabar da bayan La'asar, lokacin da ba wanda zai ce ya ci na wani darasi, bai kuma taɓa neman ko sisi a kai ba.

A bakin kogin Haɗejia ya fara gaya mana cewa tun da aka gama madatsar Tiga a 1974 ambaliyar da ke shayar da fadama ta ragu, kuma wanda ke Gashuwa yana jin abin da aka yi wa ruwa a Kano a tukunyarsa. Muna yara, ba mu ɗauke ta da nauyi ba. Na fahimce ta ne shekaru bayan haka, da na ga ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa wajen Nguru, masunta da manoman shinkafa suna kuka.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan ba da labarin yadda ya tara mana kuɗin mota da noman rani a bayan ɗakin girki, da tafiyarmu Yankari a bayan wata tsohuwar roka da ta mutu mana kafin mu kai Bauci.