Sabon suna a kan tsohon shagon Inna

Shagon ɗinkinmu yana unguwar Yelwa a Garwa, kuma sunan mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, shi ne a kan allonsa tun ina ƙarama. Da ragamar ta dawo hannuna sai na ƙara kayan yara da dogayen riguna ɗinkakku, ina tallarsu ta WhatsApp har Marwa da Njamena. A nan matsala ta taso: sunan Inna suna ne da ke kowane gida, shaguna da dama a gari suna amsa shi, har wata ta taɓa tura kuɗin kayana ta Orange Money zuwa wani shagon. Dole na nemi suna da tambarin da ba kowa ke da su ba.

Na yi musu rajista a OAPI, hukumar ƙasashen Afirka mai kare sunaye da tamburan kasuwanci, da ke Yawunde. Rajista ɗaya tana aiki a ƙasashe 17, har da Kamaru da Chadi, na tsawon shekara 10, sannan a sabunta. Najeriya ba ta ciki, don haka mai son kai kaya Yola ya san da wannan.

Takardu ba su ba ni wuya kamar mutane ba. Tun kafin mai fenti ya taɓa allon, na bi gidajen ƙawayen Inna ɗaya bayan ɗaya, domin irin wannan labari bai kamata babba ya tsince shi a bakin titi ba. Wata Hajiya da ta yi shekaru tana kawo mana shadda ta saurare ni tsaf, sannan ta ce, "'Yata, faɗa mini gaskiya, sayar da shagon kika yi?" Na ce, "A'a Hajiya, ni ce dai, telolin ma su ne." Sai ta tambayi littafin awo. Inna tana da wani tsohon littafi da ta rubuta awon kowace mace da na 'ya'yanta, da bashin da ake biya a hankali bayan salla. Da na tabbatar mata yana nan cikin akwatinsa, ta sa mini albarka. Kusan duk gidan da na shiga tambayoyin ke nan: wa zai yanka mini yadi, kuɗin ɗinki zai tashi ne, za a ci gaba da ɗaga mana ƙafa? Ba wadda ta tambayi launin tambari.

Saboda haka ban taɓa farashi ba a wannan shekarar, ko da kuɗin leda da lakabin da muke ɗinkawa a wuyan riga sun ci wani abu daga riba. Lambar waya ma ita ce ta da. Na kuma kauce wa watan azumi da makonnin da ke gaban 8 ga Maris, lokacin da atamfar ranar mata ta masaƙar CICAM ke cika mana tebur, kowa na sauri, ba mai natsuwar jin bayani.

Akwai abin da ya shafi garinmu musamman. A Garwa ba a kwatance da lambar gida, sunan shago ake faɗa wa mai babur. Maƙwabtanmu ma da shagon Inna suke kwatanta gidajensu. Shi ya sa na bar tsohon sunan da ƙananan haruffa a ƙasan sabon, kuma ba ni da niyyar goge shi.

'Yan mata sun karɓi sabon salon hannu bibbiyu, suna ɗaukar hoton ledar suna sawa a waya. Amma wata ƙanwar Inna ta ɗauke ƙafa, ta ce na binne sunan yayarta. Maganar ta yi mini ciwo ƙwarai, don na san ƙauna ce ta sa ta faɗe ta. Ban ja da ita ba. Ina zuwa gaishe ta kamar kullum, kuma da bikin jikarta ya taso, mu ta aiko wa ɗinkin anko, ko da yake har yau da tsohon sunan take kiran shagon.