Tumatur ɗin da na shagwaɓa

Shekara uku ke nan da Baba ya yankar mini fangali goma sha biyu a lambunsa da ke gefen dam ɗin Daberam, ya ce in gwada hannuna. Na yi renon tumatur a ƙarshen Oktoba. Na kafa masa rumfar karan dawa, na kewaye shi da zana saboda iska, ruwa kuwa safe da yamma, wani lokacin har da tsakar rana. Ya tashi dogo, kore shar, duk wanda ya gifta sai ya tsaya ya yaba.

Baba bai yaba ba. Ya tsuguna, ya murza kara ɗaya tsakanin yatsunsa, ya ce, "Wannan bai san duniya ba. Ka yaye masa rumfa, ka rage masa ruwa kwana bakwai kafin ka cire shi." Na ce, "Baba, ku dubi kyan da ya yi, in na hana shi ruwa ai lalacewa zai yi." Ya miƙe ya kaɗe rigarsa, bai ƙara cewa komai ba.

Na yi dashe a farkon Disamba, a dare na biyu jaura ta taso. Da asuba ko tiyo hannuna ba ya iya riƙewa don ɗari. Kafin mako ya zagayo, fiye da rabin dashena ya kwanta. Na Baba, gajeru masu kaurin kara, suna nan jikin nawa, sun yi yaushi kwana biyu suka miƙe. Kuma iri ɗaya ne, daga gwangwani ɗaya muka ɗiba. Wannan shi ya hana ni barci, har sai da na zauna na bi diddigin abin.

Ashe kowace ƙwayar halitta a jikin tsiro tana da wata siririyar fata da aka gina da mai. In sanyi ya faɗo mata kwatsam, man sai ya daskare, kamar yadda man shanu ke sandarewa a ƙwarya da hunturu, fatar ta fara yoyo. Tsire-tsiren ƙasashe masu zafi irin su tumatur da ayaba ba sa jiran ƙanƙara; da zarar ma'auni ya sauka ƙasa da digiri 12 sun fara jin jiki. Shi ya sa ɓawon ayaba ke baƙi a firiji. Amma in sanyin ya zo a hankali, tsiron yana samun kwanakin da zai sauya man nan zuwa mai ruwa-ruwa, irin na gyaɗa, ya kuma tara sukari a jikinsa. Duk macen da ke sayar da ƙanƙara ta san zoɓo mai zaƙi ba ya saurin daskarewa kamar tsurar ruwa.

Akwai wani hatsi ɗan'uwan alkama da ake nomawa a Rasha da Kanada. In aka ɗauko shi daga ɗumi, digiri 5 ƙasa da sifili ya isa ya kashe shi. In ya yi makonni yana shan sanyi kaɗan-kaɗan, yana jure har kusan 30 ƙasa da sifili. A 1997 Michael Thomashow da abokan aikinsa a Jami'ar Jihar Mishigan ta Amurka suka gano ƙwayar gado da ke tada wannan shiri, wadda suka sa wa suna CBF. Abin da ya fi taɓa ni shi ne, da yawa daga makaman da tsiro ke ɗauka don sanyi su ne yake ɗauka don ƙishirwa, saboda dukansu biyu ruwa suke ƙwace wa ƙwayoyinsa. Rage ruwan da Baba ya ce in yi, horo ne. Tsiron da ya ɗanɗani ƙishi yana rufe ƙananan ƙofofin da ke bayan ganyensa da wuri, iskar hunturu ba ta tsotse shi, saiwarsa kuma ta riga ta koyi nema.

Horon yana da iyaka, kada wani ya ɗauka magani ne na komai. Ko yaya aka horar da tumatur, in zafin Afrilu ya haura digiri 35 furensa zubewa yake, sai ganye kawai. Gero ma da muke taƙama da shi, yana nannaɗe ganye ne ya jira ruwa, in jiran ya yi tsawo ya ƙone. Ina dai jin takaicin masu renon sayarwa da ke riƙe dashe a inuwa har ranar kasuwa don ya ɗauki ido. Mai saye shi ke kwasar asara.

Bana na yaye rumfata ranar Asabar, na mayar da ban ruwa sau ɗaya a kwana biyu. Jiya da rana ganyen ya ɗan sunkuya, zuciyata ta so in ɗauko tiyo, na daure. Da yamma Baba ya biyo, ya murza kara ɗaya, ya ce, "Ƙara masa kwana biyu."