Gashin kibiya: abin da nake dubawa kafin in yanka

Mahaifina ya yi shekara da shekaru yana haɗa baka da kibiya a nan Maradi, bai taɓa liƙa wa gindin kibiya gashin tsuntsu ba. Kibiyarmu ta gado kyauro ce da kan ƙarfe mai kunne, shi ke nan. Da irinta 'yan bakan Katsinawa suka tsare wannan yanki bayan faɗuwar Birnin Katsina a 1807. Nauyin ƙarfen da ke gaba shi ke jan kyauron ya miƙe, maharbi kuma yakan yi sanɗa har ya matso kusa, dafin kwankwani ya ƙarasa sauran aikin.

Masu zuwa rumfata yanzu daban ne. Yawancinsu samari ne da ke kafa buhun ƙaiƙayi a bayan gari suna gwada bara daga mita 20 ko 30. A wannan nisa kibiya marar gashi takan yi ta kaɗa gindi kamar wutsiyar kifi. Dole ta sa na koyi aikin gashi, kuma tambayar da na fi sha ita ce: babba za a sa ko ƙarami?

Aikin gashi shi ne ya riƙe iska a gindin kibiya don kai ya ci gaba da zama a gaba. Babban gashi yana saurin daidaita ta, amma yana cinye mata gudu, ta faɗo tun ba ta yi nisa ba, ga ƙara kamar tashin tantabara. Ƙaramin gashi yana barin ta ta tafi da ƙarfinta, sai dai ba ya rufa wa mai harbi asiri in hannunsa ya motsa wajen sakin tsirkiya. Shi ya sa kafin in ɗauki almakashi nake cewa a nuna mini kan da za a sa. Siririn kai na koyon bara, gashi uku masu tsawon santimita 8 zuwa 10 sun ishe shi. In kuwa kai ne mai faɗi irin na farauta, wanda shi kansa yake kama iska yana neman jan kibiya gefe, ba na sauka ƙasa da santimita 12 ko 13.

Sai baka. Nakan auna tazarar da ke tsakanin tsirkiya da marikin baka idan an ɗaura. Bakanmu na gida tazararsa ba ta da yawa, dogon gashi sai ya hau kan itacen ya murƙushe tun ba a ja ba.

Bara da hunturu wani yaro ya zo da hoto a wayarsa, kibiyoyi masu manyan gashi ja da fari. Na ce masa, "Ɗana, wannan ya yi wa bakanka yawa." Ya ce, "Baba, don Allah irinsa nake so." Na biye masa, kuma laifina ne, don na fi shi sanin abin da iskar hunturu ke yi. Bayan kwana uku ya dawo ransa a ɓace, duk harbin da ya yi iska ta kwashe masa shi gefe. Na zauna na rage tsayin kowane gashi, ban karɓi ko dala ba. Abin da mutane ke mantawa ke nan: ba tsawo kaɗai ake dubawa ba, har da yadda gashin ya tashi daga jikin kyauro. Dogo mai kwanciya ya fi gajere mai tsayi zaman lafiya da iska.

Gashin fiffiken talotalo na fi so, yana da ƙarfi da faɗi. Na zabo yana da kyau a ido, amma gajere ne, sai kibiyar yara. Nakan tsaga gashin biyu ta tsakiyar ƙashinsa, in kankare gindin da reza har ya yi laushi ya kwanta lif a jikin kyauro, in shafa gam, sannan in naɗe bakin gaba da zare. Wannan naɗi ba ado ba ne. Mu a kan hannu muke ɗora kibiya, in bakin gashin ya ɗago yana iya shigewa fatar yatsa.

Kibiya ɗaya kuma, fiffike ɗaya. Gashin dama da na hagu kowanne da ɓangaren da yake juya kibiya, in an gauraya su sai su yi ta jayayya a sama. Kwando biyu nake ajiyewa saboda haka, yaron shagona ma abin da ya fara koya ke nan.

Akwai wanda nake ƙin yi wa aiki: mai kawo karkataccen kyauro ya ce in sa babban gashi ya gyara. Nakan gasa kyauron a kan garwashi in miƙar da shi tukuna, in ya ƙi miƙewa in mayar masa da abinsa. Da damina kuma ina gaya wa kowa ya rufe bakin kwarinsa, don jiƙaƙƙen gashi kwantawa yake yi. In ya riga ya jiƙe, a bari ya bushe a inuwa, a kara shi a tururin buta, zai tashi.